Waiwaye: Shiru na shekara 24 da kiɗan na'ura daga Ingila zuwa Zoo Road

A watan Afrilun 2023 ne ƙungiyar mawaƙan Ingila Everything But The Girl suka fitar da kundin waƙoƙi mai suna Fuse. Rabonsu da sabon kundi tun 1999. Su biyu ne kacal, Tracey Thorn mai rerawa da mijinta Ben Watt mai haɗa kiɗa, kuma tun suna ɗalibai a jami'ar Hull, a 1982, suke tare.

Da jita suka faro, kiɗa mai sanyi. Na'ura daga baya ta shigo. A 1992 wata cuta ta kwantar da Watt har aka fid da rai. Ya tashi, suka yi waƙar Missing, sai wani makaɗin Amurka, Todd Terry, ya sake ɗora ta kan bugun gidan rawa a 1995, ta kai ta biyu a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Daga nan suka rungumi kiɗan kwamfuta. A 2000 suka jingine ƙungiyar, Thorn ta koma renon 'ya'yansu. Da suka dawo, Fuse ya hau na uku a Birtaniya, matsayin da wani kundinsu bai taɓa takawa ba ko a ganiyarsu.

Wanda ya san situdiyon Zoo Road a Kano ba zai ga baƙon abu a tsarin nan ba. Tun ƙarshen shekarun 1990, da fiyanon Yamaha ya ture kalangu a waƙoƙin fim, aikin na mutum biyu ne: mawaƙi a ɗan ɗakin da aka lulluɓe da soso, mai kiɗa a gaban madannai yana cewa "sake ɗaukowa daga amshi". Sai dai a nan sunan mawaƙi ake bugawa a fasta. Mai kiɗa kuwa a sallame shi da kuɗin aiki, in an kyauta a ambace shi a baitin ƙarshe. To wa za a ce sun rabu, balle a yi ɗokin dawowarsu?

Ga kuma kasuwa. Kaset da faifan da 'yan Ƙofar Wambai ke saye da sari sun mutu, masu tura waƙa a waya suka gaje su, yanzu kuma TikTok. Mawaƙin nanaye da ya yi shiru shekara biyu sai ya tarar yara sun cike gurbi, kuma tsofaffin waƙoƙinsa na yawo a memori ba ko sisi. Su Thorn kuwa kuɗin haƙƙin mallaka na shigo musu duk tsawon hutun.