Sojan Da Ya Yi Shiru: Tambayoyi Kan Kashe Kai a Tsakanin Sojoji

Yaƙi ne kaɗai ke kai soja ga kashe kansa?

A'a, ko da yake haka mutane suka fi zato. A Amurka, inda tsoffin sojoji sama da 6,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, an gano cewa da yawa daga sojojin da suka kashe kansu suna bakin aiki ba a taɓa tura su fagen daga ba. Abin da aka fi tararwa a rayuwarsu shi ne mutuwar aure, bashi, tuhuma a wurin aiki, ciwon da ya ƙi warkewa, shaye-shaye da rashin barci. Yaƙi ma yana barin nasa tabon: firgita cikin dare, zabura da an buga ƙofa, abin da ya wuce ya riƙa dawowa kamar yanzu yake faruwa. Likitoci sun sa wa wannan suna PTSD a 1980, bayan Yaƙin Biyetnam. Shekarar farko bayan cire kaki kuwa tana cikin mafi haɗari, domin mutum ya rasa abokai da tsarin rayuwa a lokaci guda.

Me ya sa ba sa faɗa?

An horar da su kan juriya. Wanda aka koya wa cije haƙora, da wuya ya buɗe baki ya ce "na gaji". Ga kuma tsoron a karɓe masa makami, ko ya rasa ƙarin girma, ko abokai su ce ya zama rago. Wannan tsoro ba na banza ba ne, shi ya sa nake ganin nauyin ya fi rataya a wuyan kwamandoji. Rundunar sojin saman Amurka ta fara wani shiri a 1996 da ya ɗora wa shugabanni alhakin ƙarfafa neman taimako, kuma kashe kai ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku a shekarun da suka biyo baya.

Waɗanne alamu zan lura da su?

Janyewa daga mutane, rabar da kayan da yake ji da su, yawan cewa ya zame wa iyali kaya. A kuma kula da natsuwar da ta zo kwatsam bayan dogon ƙunci.

Idan na tambaye shi kai tsaye, ba zan cusa masa tunanin ba?

Ba za ka cusa masa ba. Bincike ya sha nuna haka. Ka ce, "Kana tunanin kashe kanka?" Sannan ka yi shiru ka saurara. Kada ka fara da wa'azi ko "kai fa namiji ne". Idan ya ce eh, kada ka bar shi shi kaɗai, ka raka shi da ƙafarka wurin likita.

Me ya sa ake yawan maganar bindiga?

Saboda guguwar tunanin kashe kai sau da yawa ba ta daɗewa, mintuna ne ko sa'o'i, bindiga kuwa ba ta ba da damar nadama. Kusan bakwai cikin goma na tsoffin sojojin Amurka da ke kashe kansu da ita suke yi. A 2006 rundunar Isra'ila ta hana sojoji tafiya gida da bindigoginsu a hutun ƙarshen mako, sai adadin ya faɗi da kusan kashi 40 cikin 100. Mafi yawan waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba sa mutuwa ta haka daga baya. Don haka a ajiye makamin a ma'ajiya, a raba shi da harsashi, makullin ya zauna hannun amintaccen aboki har lokacin ya wuce.

Ana warkewa kuwa?

Ƙwarai. Akwai maganin PTSD ta hanyar zaman tattaunawa da ƙwararre, galibi kamar zama 12, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyin magani.

Wa za a kira cikin gaggawa?

A Amurka, a buga 988 a danna 1. A sauran wurare, asibitin bariki, limamin runduna, ko sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne.