Manhajar ta wa ce, sunan na wa ne? Tambayoyi kan mallakar fasaha a sabbin kamfanoni

Sabon kamfani sau da yawa ba shi da fili, ba shi da sito. Dukiyarsa ita ce sunansa, da manhajarsa, da wata dabara da ya gano. Ga abin da masu kafa irin waɗannan kamfanoni suka fi tambaya.

Na biya wani ya rubuta mini manhaja. Ai tawa ce ko?

Ba lallai ba ne, kuma a nan aka fi yin da-na-sani. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana ɗaukar manhaja kamar rubutaccen littafi. Haƙƙin yana hannun wanda ya rubuta, sai in akwai yarjejeniyar da ta ce ba haka ba, kuma miƙa shi ga wani ba ya inganta sai a rubuce. Kuɗin da ka tura masa ladan aiki ne kawai. Haka yake tsakanin abokan da suka kafa kamfanin: abin da kowa ya rubuta kafin rajista nasa ne har ya sa hannu ya miƙa wa kamfani.

Na san akwai nauyi mutum ya ce wa amininsa ko ƙaninsa "sa hannu a nan". Sai ka ji ana cewa ai akwai amana. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma da muminai take magana. Mai zuba jari ma, kafin ya saki ko kwabo, wannan takardar zai fara nema. Rigimar wane ne mai asalin dabarar ta sa Facebook ya yi sulhu a 2008 da wasu tsofaffin ɗaliban jami'ar Harvard kan dala miliyan 65.

Na yi rajista da CAC. Sunan bai zama nawa ba?

Rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista a Najeriya, ta ba kamfani damar yin aiki da sunan. Kare shi a kan kaya kuwa aikin ofishin rajistar tambarin kasuwanci ne, a Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari a Abuja. Kaya da ayyuka an kasa su aji 45, kowane aji da rajistarsa, don haka mai sayar da yaji da ta ƙara da sabulu sai ta sake nema. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14-14. A bincika sunan tukuna kafin a buga leda dubu goma.

Wani ya ji dabarata ya riga ni aiwatarwa. Zan iya kai ƙara?

Da wuya. Doka ba ta kare tunani tsagwaronsa, sai abin da aka fitar da shi: rubutu, zane, manhaja, na'ura.

To in na ƙera na'ura fa?

Wata dokar Najeriya ta 1970 tana ba da takardar shaidar ƙirƙira ta shekara 20, ana biyan kuɗi duk shekara. Sharaɗin shi ne abin ya zama sabo a ranar da aka nema. Wanda ya ɗora bidiyon yadda injinsa ke aiki a TikTok kafin ya shigar da takarda, da hannunsa ya tona shi. Wani abin ma ɓoyewa ta fi masa, kamar haɗin turare ko na kilishi, domin takardar shaida sai an bayyana yadda aka yi. Irin wannan sai a taƙaita waɗanda suka sani, su kuma sa hannu kan riƙe sirri.

Rajistata za ta yi aiki a Maraɗi?

A'a, iyakarta kan iyaka. Nijar, Chadi da Kamaru suna cikin OAPI, ƙungiyar kare mallakar fasaha ta Afirka mai ƙasashe 17, hedikwatarta a Yawunde, kuma rajista ɗaya a can ta wadatar a dukkansu, tambari na shekara 10. Najeriya ba ta ciki. Wanda kayansa ke tashi daga Kantin Kwari zuwa Damagaram ko Garwa yana buƙatar duka biyun.