Me Ya Sa Kwamfuta Ke Shan Wuya Wajen Karanta Rubutun Likitoci?

Me ya bambanta rubutun likita da sauran rubuce-rubuce?

Likita yakan yi rubutu cikin gaggawa domin abokin aikinsa wanda ya riga ya san harshen asibiti, shi ya sa yake gajarta kalmomi, ya tsallake wasu. Haruffan MS kaɗai suna iya nufin maganin morfin, ko ƙuntatar ɗaya daga cikin ƙofofin zuciya, ko wata cutar jijiyoyi, ko yanayin hankalin majiyyaci. Ruɗanin da haruffan ke jawowa tsakanin morfin da wani magani mai suna magnesium sulfate ya kai ga hukumar Joint Commission, mai tantance asibitoci a Amurka, ta hana rubuta su a madadin sunan magani tun 2004.

Idan manhaja ta gano sunan cuta, ba shi ke nan ba?

A'a, a nan ne ma babbar matsalar take. Ambaton ciwon sukari a fayil ba ya nufin majiyyaci yana da shi, domin wataƙila likita ya rubuta cewa babu alamarsa, ko mahaifiyarsa ce ke fama da shi, ko kuma zato ne da ake jiran gwaji ya tabbatar. A 2001 Wendy Chapman da abokan aikinta a Jami'ar Pittsburgh suka fitar da manhajar NegEx domin gano jimlolin da ke cewa babu cuta, amma har yanzu manhajoji suna tuntuɓe idan jimla ta yi tsawo. Ga kuma ɗabi'ar kwafo bayanin jiya a liƙa a na yau, wadda ke sa cutar da ta warke ta ci gaba da bayyana kamar sabuwa. A ganina wannan ya fi komai haɗari, tunda kuskuren yakan bi majiyyaci zuwa ga likita na gaba.

Me ya hana a tara rubutu mai yawa a koyar da manhajar?

Sirrin majiyyata ne. Dokar HIPAA ta Amurka ta tanadi goge nau'o'in bayanai 18, ciki har da suna da lambar waya, kafin a raba fayil. Shi ya sa masu bincike da dama suka dogara ga MIMIC-III, rumbun bayanan majiyyata da aka tattaro daga sashen kulawa ta musamman na asibiti guda a Boston, alhali kowane asibiti yana da salon rubutunsa.

Yaya lamarin yake a Najeriya da Nijar?

Fayiloli da yawa rubutun hannu ne a takarda. Majiyyaci yana bayani da Hausa, likita yana rubutawa da Turanci ko Faransanci, saboda haka wani ɓangare na ƙorafin yakan salwanta tun kafin ya isa kwamfuta.