Hukumar Tafkin Chadi da Sha'anin Ambaliya

Hukumar Kula da Tafkin Chadi ƙungiya ce da Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya suka kafa ranar 22 ga Mayu, 1964, a Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, inda hedikwatarta take. Daga baya Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta shiga, Libiya kuma ta biyo a 2008.

Abin da ya tilasta haɗin gwiwar shi ne asalin ruwan. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zubawa a tafkin, Chari da Logone ne ke kawo shi daga kudu mai nisa. Saboda haka kogi kan cika maƙil a N'Djamena da Kousseri ta Kamaru wajajen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan damina ta ɗauke a can, tafkin kuma sai wajen Disamba ko Janairu yake kai iyakar cikarsa. Tafkin ba shi da zurfi, gaɓarsa shimfiɗaɗɗiya ce. Ɗan ƙarin ruwa kaɗan kan malale gonakin masara da wake da aka shuka a bakinsa. Wannan jinkiri na isowar ruwa daga kudu dama ce babba: ma'aunin ruwa a Sarh, Moundou ko Bongor, garuruwan kudancin Chadi da ke bakin kogunan, na iya ba mutanen da ruwan zai gangaro wa gargaɗin makonni, muddin an karanta shi kullum, an kuma tura labarin ƙetaren iyaka a kan lokaci. A nan ne aka fi samun cikas, domin tashoshin awo kan lalace, rashin tsaro kuma ya hana ma'aikata isa wurare da dama. Ambaliyar 2022 da ta 2024 sun tona wannan rauni.

Madatsun ruwa ma da nasu laifin. Madatsar Maga ta 1979, a arewacin Kamaru, ta busar da wani babban sashe na fadamar Waza-Logone, har sai da aka sake buɗe wa ruwa hanya a 1994. A ɓangaren kogin Komadugu-Yobe, madatsun Tiga da Challawa na jihar Kano sun sauya tafiyar ruwa, ciyawar kacala ta toshe magudanai a fadamar Haɗeja-Nguru, wani wuri na nutsewa, wani na ƙishirwa.

Kundin Dokar Ruwa da shugabannin ƙasashen suka amince da shi a 2012 ya wajabta musayar bayanai da sanar da maƙwabta kafin a fara duk wani aiki da zai taɓa ruwansu. Aiwatarwa dai na hannun gwamnatoci, kuɗin gudanar da hukumar ma daga gudummawarsu yake fitowa, wadda sau da yawa takan makara.