Waiwaye: Yadda bashin wuta ya zame wa ma'aikatun gwamnati ƙarfen ƙafa

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na wutar lantarki da ke kan ma'aikatun gwamnatin Najeriya ya girmi yawancin ma'aikatan da ke zaune a ofisoshin yau. Asalinsa tun zamanin NEPA ne, tsohuwar hukumar wutar lantarki ta ƙasa, wadda aka kafa a 1972. A lokacin gwamnati ce mai wuta, ita ce kuma babbar mai shan ta. Idan takardar kuɗin wuta ta iso barikin soja ko sakatariya, akawu ya kan cusa ta cikin fayil ne kawai, don kowa na ganin kuɗin daga aljihun dama za su koma na hagu. Wa zai hau tsani ya yanke wa bariki wuta?

An rusa NEPA aka kawo PHCN a 2005, sannan a watan Nuwamban 2013 aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa. Masu wuta sun canja, halin masu sha bai canja ba.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, rigimar ba ta rashin biya ba ce kaɗai, ta rashin sahihin lissafi ce. Gine-ginen gwamnati da yawa ba su da mita, sai kiyasi. Wani wurin mita ɗaya ce ke ɗauke da ofis da gidajen ma'aikata da shagunan da suka tsiro a jikin katanga, har da mai sayar da ƙanƙara. A 2017, lokacin Babatunde Fashola yana ministan wuta, kamfanonin sun gabatar da bashin sama da naira biliyan 67. Da aka zauna aka tantance, kimanin biliyan 26 ne gwamnatin tarayya ta amince cewa nata ne.

Haka aka sake yi a Fabrairun 2024. Kamfanin rarraba wuta na Abuja, AEDC, ya buga sunayen ma'aikatu da hukumomi 86 a jarida, ya ce yana bin su naira biliyan 47, ya ba su kwana goma ko su ga duhu. Fadar shugaban ƙasa na cikin jerin, da kusan miliyan 924. Da ɓangarorin biyu suka haɗa takardunsu, sai kuɗin ya sauko zuwa miliyan 342, Shugaba Tinubu kuma ya ba da umarnin a biya nan take. In har fadar shugaban ƙasa da mai ba ta wuta za su saɓa da fiye da rabin biliyan, me ake tsammani daga asibitin ƙaramar hukuma?

Sai ga ƙarin kuɗin Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawan awoyi a rana, a Afrilun 2024, inda kuɗin yunit ɗaya na wuta ya tashi daga kusan naira 68 zuwa 225. Jami'o'i da asibitocin koyarwa, waɗanda kasafinsu aka tsara shi kan tsohon farashi, suka fara kuka. Daga nan lamarin ya koma ramuwar gayya. A Agustan shekarar, hukumar tara haraji ta Kaduna ta garƙame ofishin Kaduna Electric kan harajin miliyan 600, kamfanin kuma ya yanke wa gidan gwamnatin jihar wuta kan bashin biliyan 2.9. A Legas, a Maris 2025, sojojin sama ne suka afka wa hedkwatar Ikeja Electric bayan an yanke wa sansaninsu wuta.

Fadar Aso Rock dai ta zaɓi wata hanyar: a 2025 aka ware naira biliyan 10 don kafa mata sola.