Tambayoyi da amsoshi kan haɗa wa ƙaramar tarakta bokitin loda

Tambayoyin da ke ƙasa su ne ake ta maimaita mini game da ƙera wa ƙaramar taraktar lambu bokitin ɗaukar kaya a gaba, irin na feloda. Na tattara su wuri guda domin wanda zai sake tambaya ya fara karantawa.

Kowace tarakta za a iya haɗa mata?

A'a. Injin yankan ciyawa da ake hawa ba taraktar lambu ba ce, ko da kamanninsu sun zo ɗaya. Idan shasinta siririn ƙarfe ne da aka lanƙwasa, kuma giyarta ta yankan ciyawa ce kawai, ka bar ta ga aikin da aka yi ta dominsa.

Dole ne sai na iya walda?

Dole ne, ko kuma ka biya wanda ya iya. Hannuwan da za su ɗaga kaya kusa da kanka ba wurin koyon walda ba ne.

Kilo nawa za ta iya ɗagawa?

Wannan ce tambayar da kowa ke so a ba shi amsa da lamba guda, ni kuwa ba zan bayar ba, domin abin ya dogara da taraktar, da tsawon hannuwan, da irin ƙasar da za a taka. Mutane suna fara lissafi daga silinda, wato bututun ƙarfen da matsin mai ke tura sandarsa ta ɗaga hannuwan bokitin, kuma a nan suke ruɗin kansu. Silinda mai faɗin milimita 50 a ciki, idan matsin mai ya kai bar 70 (bar ma'aunin matsi ne), tana tura kusan kilo 1,400, kuma biyu ake sakawa. To amma ba a bakin bokiti take turawa ba, a kusa da gindin hannu take, kuma a karkace, saboda haka kaso kaɗan ne na wannan ƙarfin yake isa gaba. Duk da haka, a yawancin lokuta abin da ya isa gaban ya fi abin da taraktar za ta iya jurewa. Ba silinda ce ke fara gajiya ba, ƙafafun gaba ne.

Ka ɗauki taraktar tamkar sikeli wanda tsakiyarsa ke kan tayoyin gaba. A ce tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 1.2 ne, bokitin kuma ya zarce tayoyin gaba da santimita 80. Idan ka ɗebi kilo 150, to tayoyin baya za su rasa nauyin kilo 100, na gaba kuma za su ɗauki ƙarin kilo 250, ban da nauyin bokitin da hannuwan kansu. Ka duba abin da wannan ke nufi: tayoyin da ke tuƙa taraktar, waɗanda kuma birki ke kansu, su ne suka yi sauƙi, sannan siraran ƙarafan da tayoyin gaba ke juyawa a kai, waɗanda a taraktoci da yawa kaurinsu bai wuce milimita 19 ba, su ne aka ɗora wa lodin. Idan ɗaya daga cikinsu ya lanƙwashe, za ka ga tayar ta kwanta gefe, sitiyarin kuma ya yi tauri kamar an ɗaure shi.

Saboda haka sai an sa nauyi a baya, amma a nan ma akwai bambancin da ake yawan tsallakewa. Ruwan da ake ɗura wa tayoyin baya da ƙarafan da ake ɗaura musu suna hana bayan tashi, suna kuma ƙara kama ƙasa, sai dai ba sa rage wa ƙafafun gaba ko kilo ɗaya. Nauyin da aka rataya can bayan tayoyin baya, a cikin akwatin ƙarfe, shi ne kaɗai ke sauƙaƙa wa gaban. Ni nakan so a haɗa biyun, amma ba tare da wuce abin da littafin taraktar ya yarda a ɗora wa bayanta ba, tunda giya ma tana da iyakarta. A ganina, ga tarakta mai ƙwari wadda aka ƙarfafa gabanta, kilo 100 zuwa 150 abu ne mai ma'ana a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kuma ko wannan ba alkawari ba ne. Ka fara da kaɗan, ka lura da tayoyin gaba, sannan ka saita bawul ɗin rage matsi, wato mai mayar da mai tanki idan matsi ya yi yawa, ta yadda na'urar za ta ƙi ɗagawa kafin ƙarfe ya karye. Kada ka damu idan ta ƙi ɗaga cikakken bokiti. Sawu biyu ba abin kunya ba ne.

Zan iya barin bawul ɗin rage matsi don sauƙin kashe kuɗi?

Ba za ka iya ba. Da zarar silinda ta kai ƙarshenta, famfo yana ci gaba da turo mai, kuma idan man bai sami hanyar komawa tanki ba, sai ya fasa tiyo ko famfon.

A ina zan ɗaure ginshiƙan da za su riƙe hannuwan?

A kan wani firam na dabam da ka ƙera a ƙarƙashin taraktar, wanda ya miƙe har zuwa inda ƙafafun baya suke. Masu huda tsakiyar shasi su ɗaure da noti huɗu su ne suke dawowa da kukan tarakta ta gantsare. Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 50 da 100, kaurin ƙarfensa kusan milimita 5, ya isa ginshiƙai da hannuwa. Kafin ka yanka ƙarfe, ka fitar da siffar a katako, ka ɗaga ka sauke, ka ga inda silinda za ta tokare.

Wane famfo zan sa?

Mai bayar da lita 15 zuwa 20 a minti ya wadatar. Silinda biyu masu faɗin milimita 50 da tafiyar santimita 40 suna cin kusan lita 1.6, wato da lita 15 a minti hannuwan za su tashi cikin daƙiƙa 6 ko makamancin haka. Wanda ya sa babban famfo don neman sauri zai sami bokiti mai fizga da mai mai zafi. Famfon sitiyarin tsohuwar mota ma yana aiki, sai dai a hankali.

Na ga mai yana ɗiga, yaya zan gano wurin?

Da kwali, ba da hannu ba, kuma na gaji da faɗin haka. Man da ke fita ta ƙanƙanuwar huda yana iya ratsa fata ko da matsin bai wuce bar 7 ba. Raunin yakan yi kama da tsirar allura, amma yana iya jawo yanke yatsa, don haka asibiti za a nufa nan take. Kafin ka kwance kowane tiyo, ka sauke bokitin ƙasa, ka kashe injin, ka kaɗa hannun bawul gaba da baya har matsin ya fita.

Zan iya tafiya da bokitin a sama?

Kada ka yi. Ka riƙe shi dab da ƙasa, musamman a gangare da wurin shan kwana, kuma kada ka ɗauki mutum a ciki, ko babba ko yaro.

Yaya girman bokitin zai kasance?

Faɗinsa ya ɗan zarce na tayoyin kaɗan, kada kuma ya yi zurfi. Busasshen yashi mai cika lita 100 ya kai kusan kilo 160, jiƙaƙƙe kuma ya kusa 200, saboda haka bokitin da ya wuce lita 100 na kwasar ganye da ciyawa ne kawai.