Haɗa wayoyin wutar moto: ga amsoshin, a daina maimaita mini

Masu sake ɗaura tsohon moto, daga Zango har Birni a nan Damagaram, tambayoyinku ba sa canzawa. To ku karanta.

Maigida, sai da batir buji (fulogi) zai ba da wuta?

Ba kowane moto ba. CDI shi ne ɗan akwatin da ke sakar wa buji wuta. Mai CDI na AC, wanda ke shan wuta daga inji ba batir ba, irin yawancin motocin 125 na Sin masu injin CG (samfurin Honda), kik ya ishe shi.

Koriyar wayar nan ta mece ce?

Mas ce, wato wayar da ake ɗaurewa a ƙarfen moto don wuta ta koma. Kun fente ƙarfen moto, kun ɗaure mas a kan fenti, sannan ku zo ku ce mini CDI ya mutu! Kankare wurin har ƙarfe ya yi fari.

Tazarar bakin buji nawa?

Milimita 0.6 zuwa 0.7.

Na sayo sabon CDI a kasuwar Dole, kalar wayoyinsa ta saɓa da tawa. Yaya zan yi?

Zauna, ƙanena, wannan ba ta gaggawa ba ce. A tsarin Honda da masana'antun Sin suka kwaikwaya, baƙa mai ratsin ja ce ke kawo wuta daga bobin (naɗin waya) na cikin inji, shuɗiya mai ratsin fari ko ratsin rawaya ke faɗa wa CDI lokacin sakin wuta, baƙa mai ratsin rawaya ke zuwa bobin na buji, baƙa mai ratsin fari kuma ta kashe inji ce. Galibi haka ne, amma kar ka rantse da kala. Wani kamfanin yana canzawa, kuma moton da ya yi kabu-kabu ya ratsa hannun makanikai da yawa, kowa ya jona abin da ya samu. Bi kowace waya da hannunka ka ga inda ta fito.

Kafin wannan ma, gano irin CDI da motonka ke so. Buɗe kontak (makulli), inji a kashe, ka sa mitar gwaji a wayar da ke ciyar da shi. In ka ga volt 12, DC ne, batir yake sha. In ba komai sai ka buga kik, AC ne, matuƙar batir da fis ɗinka lafiya suke. Na DC yakan fi girma, sai dai girma ba hujja ba ce. Ka sa na AC a wurin DC, ba za ka ga wuta ba. Ka sa na DC a wayar bobin, yana iya ƙonewa nan take, kuɗinka sun tafi.

Na kashe kontak, inji bai mutu ba.

Kwantar da hankalinka. A tsarin AC, kontak yana kashe inji ne ta haɗa baƙa mai ratsin fari da mas. Wayar taka ta katse ko ba ka jona ta ba.

In murɗe wayoyi in naɗa salatif ya isa?

A'a. Zafin Damagaram zai sake salatif ɗin, girgizar hanya ta warware murɗin, ƙura ta shiga. Liƙe da dalma, ka nisanta wayoyin daga salansa, kuma cire wayar mas ta batir kafin ka taɓa komai.